Shekarun da Toka ta Ƙara wa Kawu Nomau

Zuwa ga Mai Girma Lokotoro Babba, likita mai duba ɗakunan magani na ƙasarmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, ina fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ku da iyali da abokan aiki. Allah ya sa haka, amin.

Ranku ya daɗe, ni ne Isufu, anfirmiye, wato ma'aikacin jinyar da kuka turo ɗakin magani na Madarunfa a farkon daminar bana, ban fi wata biyu da fitowa daga lakwal, wato makaranta, ba. Na rubuto muku sau biyu da Faransanci a kan maganar nan, ta farko a makon da aka soma yankan gero, ta biyu bayan kwana goma sha ɗaya. Har yau ban sami amsa ba. Ban ce an ƙi ni ba, mai yiwuwa takardun suna ƙarƙashin wasu takardun. Wannan ta uku na yi ta da Hausa, tunda harshenku ne kamar yadda yake nawa, kuma zan karanta ta a bakin ɗakin magani ranar kasuwa, saboda maganar ta riga ta fita daga hannuna ta shiga bakin gari. Kwana uku na yi ina juyawa, ko in rubuta ko in bari. Ban taɓa ja da na gaba da ni ba, kuma ba ja nake yi yanzu ba. Tambaya nake yi.

Na ɗaya, umarninku.

Takardar da gardi, ɗan sandan gwamnati, ya kawo mini ta ce duk wanda ya haura shekara hamsin kada ya shiga kokawar kaka. Ta ce littafin ƙidayar jama'a za a duba a san shekarun mutum, ni ne zan ba kowane ɗan kokawa takardar izni, kuma gardi zai tsaya a bakin fage ya mayar da wanda ba shi da ita. Na san dalilinku. An ce bara wani ya faɗi a fage a wani ƙauye bai tashi ba. Ban gan shi ba, ban san ciwonsa ba, saboda haka ba zan ce komai a kansa ba. Nufinku tsare rai ne, wannan ba ni da shakka a kai.

Na bi umarnin. Mutum goma sha biyu suka zo, na ba goma sha ɗaya takarda, na hana ɗaya. Wanda na hana ɗin ƙanen mahaifiyata ne, Kawu Nomau.

Na biyu, abin da ya sa bai ce "to" ya koma gida ba.

Kawu ya fi shekara ashirin da biyar yana kokawa, daga nan har garuruwan Safo da Sarkin Yamma, har tsallaken iyaka ta wajen Ɗan Issa. Bana ya ce ya isa haka. Gwiwarsa ta hagu tana kumbura in ya kwana bayan wasa, kuma ya ce ba ya son ranar da za a tausaya masa. To amma a garinmu ɗan kokawa ba ya barin kokawa a ɗaki. Sai ya shiga fage ya yi karo na ƙarshe da sa'ansa. Ko ya yi kaye ko an kayar da shi, sai ya zauna a tsakiyar fage ya kwance ɗamararsa ya miƙa wa makaɗi, makaɗi ya buga masa takensa sau ɗaya, shi ke nan. Daga ranar sai ya koma layin dattawa masu raba gardama in an yi jayayya a kan wanda ya fara taɓa ƙasa. Wanda kuwa ya daina zuwa kawai, ba tare da an yi masa haka ba, cewa ake yi ya sulale. Ba a zaginsa, amma ba a ba shi tabarma a layin dattawa, kuma makaɗi ba ya sake taɓa takensa, ko ranar da ya mutu.

Na san wannan ba maganar likita ba ce. Na faɗa ne don ku san abin da ke cikin takardar da na hana shi. Ba za a iya ɗage masa zuwa baɗi ba, domin a littafi baɗi ya ƙara tsufa ne.

Na uku, yadda aka yi littafi ya ce shekarunsa hamsin da tara.

A nan ne nake jin tsoro, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shekara tara ke nan da malamin ƙidaya ya zo garinmu. A lokacin ana aikin dole, kuma kowa ya san daga wannan littafin ake zaɓen ƙarfafan da za a kai aikin hanya. A shekarar ne mahaifina ya rasu. Ya bar mahaifiyata da ni da ƙannena uku, ya bar gona ba a yi mata maimai ba. Kawu ne ya haɗa gonarsa da tamu yana nomawa. Da an ɗauke shi, gona biyu ce za ta mutu, ni kuma da an fitar da ni daga lakwal.

Da safen ranar ƙidaya sai ya ari tsohuwar rigar kakanmu, mai faɗin da za ta ɓoye damatsansa. Ya shafa toka a gemu da gira da gefen kai. Ya ɗauki sanda, ya ranƙwafa, ya tafi yana tari. Ni na ɗebo masa tokar daga murhun mahaifiyata, a cikin sakaina, ina ɗan shekara goma sha biyu ko sha uku. Malamin yana zaune a gindin tsamiya, mutane sun yi layi, rana ta yi zafi. Ya ɗaga kai sau ɗaya, ya rubuta hamsin, ya ce na gaba. Babu wanda ya yi dariya a wurin, sai da malamin ya hau dokinsa. Da kakar shekarar Kawu ya kayar da mutum huɗu a Safo a yini ɗaya.

Na tambaye shi ko ya yarda in rubuta wannan. Ya ce, "Rubuta mana. Toka ce, ta wanke tuntuni. Aikin dolen ma ya mutu ya bar ni." Ni dai ban san ko akwai hukunci a kan tsohuwar ƙarya irin wannan ba. In akwai, a raba shi biyu, tunda ni na kawo tokar.

To, shekarunsa nawa na gaskiya? Ba a rubuta haihuwarsa ba, kamar yadda ba a rubuta ta kowa ba a zamanin. Sai na bi ta wata hanya. Na tambayi tsofaffi uku, kowa shi kaɗai, ba tare da ɗaya ya ji amsar ɗaya ba: mahaifiyata, da limamin unguwarmu, da wani tsohon masunci da suka yi maƙwabtaka. Na ce ina Nomau yake a shekarar babbar yunwa? Dukansu sun ce ya riga ya gama famfarar haƙora, yana kiwon awaki shi kaɗai, amma bai fara azumi ba. Na ɗauki wannan a kan shekara goma zuwa sha uku. Yunwar, bisa ga abin da aka koya mana a lakwal, shekara talatin da biyar ke nan. Ke nan Kawu yana tsakanin arba'in da biyar da arba'in da takwas. Ba zan iya matse lissafin ya fi haka ba, kuma ba zan zaɓi ƙaramin don ya yi mini daɗi ba. Ko an ɗauki babban, bai kai hamsin ba.

Na huɗu, Bawa na Safo.

Bawa shi ne sa'an Kawu kuma abokin karawarsa tun suna samari, shi ne ya yarda zai yi karon ƙarshe da shi. Su biyun sun yarda Bawa ya girme shi da damina ɗaya. Amma ranar da aka yi ƙidaya a Safo, Bawa ya fito daga wurin wanzami ke nan, an yi masa aski ƙwal, fuska tana ƙyalli. Aka rubuta masa talatin da biyar. Yau a littafi yana da arba'in da huɗu. Na ba shi takardarsa da hannuna.

Tun ranar bai bar Kawu ya sha ruwa ba. In sun haɗu a kasuwa sai Bawa ya cire takalmi ya durƙusa ya ce, "Baba, an kwana lafiya? Ina ƙashin baya? A kawo maka kunu mai ruwa-ruwa?" Ran nan har sanda ya sassaƙo masa, ya ce sadaka ce ga tsohon gari. Kawu ya karɓa ya ce, "Na gode, ɗana. Ajiye ta wurinka, za ka buƙace ta ranar da ka tashi daga ƙasa." Mutane suna dariya, shi ma yana yi. Amma ni nake cin tuwo da shi, na ga yadda yake barin rabin ƙwarya.

Akwai abin da ya fi wasan nan damuna. Bawa yana cin taba tun yana saurayi. Da ya zo karɓar takarda na ce ya zagaya ɗakin magani sau biyu da gudu, don in gani. Ya dawo ƙirjinsa yana kuka kamar zugazugi mai huji, ya daɗe dafe da bango. Umarninku bai ce in saurari numfashi ba, shekaru ya ce in duba, kuma shekarunsa sun yi daidai. Ranku ya daɗe, cikin mutum goma sha biyun nan wanda na fi jin tsoro a kansa yana da takarda a aljihu.

Na biyar, abin da na ƙirga, kuma a nan ne tambayoyina suke.

Da na hana Kawu takarda, sai na tambayi kaina: in ba littafi, ta ina tsufa yake bayyana a jikin mutum? A lakwal an koya mana ciwo sosai. An koya mana gyambo da masassara da kurkunu da yadda ake tafasa allura. Ba a koya mana komai ba a kan mutumin da ba shi da ciwo, ya manyanta, kuma yana so ya ci gaba da aikin ƙarfi. Ba ni da abin sauraren ƙirji. Na roƙa tun watan da na zo, bai iso ba. Abin da nake da shi agogo ne da yatsu uku.

Safiya goma a jere, bayan sallar asuba, na riƙe wuyan hannun Kawu na ƙirga bugun jininsa na minti ɗaya cur, sannan na ƙirga nawa. Ranar farko ya ce, "Kai, mi za ka ji a hannu? Ƙarhi a ƙugu yake." Amma ya miƙo. Nasa bai taɓa wuce hamsin da takwas ba, bai sauka ƙasa da hamsin da huɗu ba. Nawa yana tsakanin saba'in da shida da tamanin. Daga nan sai kowannenmu ya ɗauki damin gero daga bakin gona ya kai rumbu da sassarfa, taki ɗari uku da ashirin, na auna. Da isowa nasa yakan kai ɗari da ashirin, nawa ɗari da hamsin ko kusa. Bayan minti uku nasa ya dawo wajen saba'in, yana hira yana gyara bakin rumbu. Ni nawa yana sama da ɗari, ina zaune a ƙasa. Shekaruna ashirin da biyu. Duk na rubuta, safiya da safiya, kuma na haɗo muku kwafi.

An koya mana bugun da ya yi ƙasa da sittin yana iya zama alamar ciwo. Shin na Kawu ciwo ne? Ko kuwa zuciyar da ta saba da aiki ba ta gaggawa, kamar jakin da ya san hanya? In haka ne, yaya ake bambanta su? Kuma wanne ya fi nuna lafiya, yawan bugun ko saurin dawowarsa? Ni a ganina dawowar ce, amma ganin mutum ɗaya ne a kan mutum biyu, ban isa in kafa hujja da shi ba.

Sai na fara lura da yadda yake riƙe jikinsa, abin da na tashi ina gani ban taɓa kulawa ba. Daga an sa lauje a gero, kullum da hantsi yakan shiga tabki har ruwa ya kai masa ƙugu, ya yi ta tafiya yana tura ruwan, kai da komo. Na tambaye shi dalili, ya ce ruwa yana ba ƙafa aiki ba tare da ya ci gwiwa ba. Ya ce da yana saurayi gudu yake yi a rairayi, yanzu in ya yi gwiwa za ta yi masa ƙara wurin alƙali. Ba ya cin goro, ba ya taɓa taba. Fura da nono da safe, kifi ko wake da rana, tuwon dare kaɗan. Yana gasa gwiwar da tsumma mai ɗumi ya shafa man kaɗe. Samari sukan yi karo kullum don gwaji, shi sai ya yi yau ya huta kwana biyu. Ya ce a dā barci ɗaya yake biyan gajiya, yanzu sai uku. Ba ya shiga fage sai ya yi rawa gumi ya keto masa, ya ce jijiyar tsoho igiyar guga ce, in ba a jiƙa ta ba tsinkewa take yi. In kuma ya shiga, ba ya kai hari. Yakan bar yaro ya yi ta ture-ture har numfashinsa ya fara fita ta baki, sannan ya kama sau ɗaya.

Wa ya koya masa wannan? Ya ce tsofaffin da ya tarar, da kuma gwiwarsa. Ina so in sani, ranku ya daɗe, ko littattafanku sun yi magana a kan irin wannan. Shin ƙarfi ne yake fara tafiya in an tsufa, ko numfashi, ko saurin warkewa? Me ya sa masunta da manoma da suka girme ni sau biyu suke yini suna aikin da ba zan iya sa'a ɗaya a kansa ba? In ɗan kokawa ya daina rana ɗaya ya zauna, jikinsa hutawa yake yi ko lalacewa? Na ga tsofaffin 'yan kokawa biyu a garin nan da suka yi teɓa suka kama ciwon ƙafa cikin 'yan shekaru da ajiye ɗamara, kuma ban san me zan gaya musu ba in sun zo wurina.

Na shida, abin da na so in ɓoye.

Da na bar wasiƙar a nan, da ta fi yi wa Kawu amfani. Amma a wasiƙuna biyu na farko ban faɗi wannan ba, kuma tun lokacin bai bar ni na huta ba. A safiya ta huɗu da ta tara, yana zaune bai yi komai ba, na ji bugun ya tsallake. Yana tafiya daidai, sai wuri ɗaya ya yi shiru, sannan ya dawo da ɗan ƙarfi. Ranar ta huɗu sau biyu cikin minti ɗaya, ranar ta tara sau ɗaya. Bayan ɗaukar dami na nema ban ji ba, ko sau ɗaya. Na tambaye shi ko yana jin jiri, ko ciwon ƙirji, ko ya taɓa faɗuwa haka kawai. Ya ce a'a. Na duba ƙafafunsa da yamma, ba kumburi sai gwiwar nan. Da na gaya masa abin da na ji, sai ya ce, "Makaɗi ma yana hutar da hannu."

Mai yiwuwa gaskiyarsa ce. Mai yiwuwa kuma shi ne abin da kuke gudu. Ban sani ba. Ban taɓa jin irinsa ba sai a bakin malaminmu, kuma ranar an yi maganar ne a gurguje. Saboda haka ba cewa nake yi Kawu lafiyarsa lau, a ba shi takarda ba. Cewa nake yi littafin ƙidaya bai san wannan tsallaken ba, bai san numfashin Bawa ba, abin da ya sani toka ce da aski. In za a hana Kawu, a hana shi don abin da ke ƙirjinsa.

Ga roƙona, cikin ladabi.

Kokawar ranar Juma'a ce ta sama, bayan la'asar, kwana goma sha biyu daga yau. Ina roƙo ku zo kafin ranar, ko ku turo wanda ya fi ni sani, ya saurari ƙirjin mutanen nan biyu. In zuwan ba zai yiwu ba, ku ba ni rana in kawo su da kaina, sun yarda, ko da yake Bawa ya ce sai an ɗora Baba a jaki. In kun saurara kun ce Kawu kada ya shiga, ni zan gaya masa, kuma zan san abin da nake faɗa. In kun ce Bawa ne bai kamata ba, zan je Safo in karɓo takardar da na ba shi.

Ina roƙo kuma a sake duba umarnin, a sa gwajin jiki a maimakon littafi, a rubuto mana mu ƙanana abin da za mu duba da abin da za mu ji tsoro. Ba Kawu kaɗai ya shafa toka a shekarun nan ba. Duk wanda ya san ƙauyukanmu ya san haka. Sannan a taimaka mini da abin sauraren ƙirji, ko tsoho ne.

In ban ji daga gare ku ba, zan bi umarnin yadda yake, domin a kan haka aka ba ni aiki. Zan tsaya a bakin fage kusa da gardi. Kawu ya riga ya gaya mini abin da zai yi. Ya ce zai zo da ɗamararsa a ƙugu, zai taho har inda nake. Ya ce, "Ba ni ture ɗan 'yar'uwata gaban jama'a. In ka tare hanya, nan zan kwance ta in sa maka a hannu, ba ganga, ba take. Kai ka san karatu, sai ka san inda ake ajiye ta."

Ranku ya daɗe, an koya mini inda ake ajiye allura da auduga da kwalbar magani. Ban san inda zan ajiye wannan ba.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira, ya sa hannunku ya zama waraka ga jama'a, ya ba ku tsufa mai ƙarfi irin wanda nake roƙar wa Kawu. In na yi kuskure a lissafi ko a lafazi, ku gyara mini, ɗalibi ne ni har yanzu. Agogona yana nan, ina ci gaba da ƙirgawa kowace safiya har amsarku ta iso.

Wassalam.

Naku mai biyayya,
Isufu, anfirmiye,
ɗakin magani na Madarunfa.